Ruwan da ke Ƙasan Tanki na Bakwai

Akwai wani dattijo ma'aikacin matatar mai da abokan aiki ke kira Baba Sai-ya-kwanta. Shekara ashirin da shida yana auna tankunan ajiyar ɗanyen mai, kuma wallahi son aikin nan yake kamar me.

Ga inda sunan ya fito. Ɗanyen mai idan ya iso ta bututu, gauraye yake zuwa da ruwa. Sai an bar shi a tanki ruwan ya kwanta a ƙasa, an tsiyaye shi, sannan a tura man cikin injinan tacewa masu zafi. In ruwa ya bi shi, tururi ya taso, ɓarna ke nan. To duk wanda ya zo da gaggawa, amsar Baba ɗaya ce: "Sai ya kwanta."

Kullum da safe zai hau dogon tsanin tanki, ya shafa wa bakin tef ɗin awo wani man gwaji da ke komawa ja idan ya taɓa ruwa, ya zura har ƙasa. Matarsa kan tsokane shi: "Malam, da ni kake dubawa kamar tankunan nan, ai ko ciwon kai ba zan yi ba."

Ana nan sai aka kawo sabon injiniya, mai ilimi ƙwarai amma mai wutar ciki. Ran nan ya ce a buɗe tanki na bakwai, Baba ya sa hannu a takarda.

"Yallaɓai, da safen nan ya cika. Sai ya kwanta."

"Haba Baba! Kwamfuta ta nuna babu ruwa. Kai ka fi ta ne?"

"Ban fi ta ba. Amma ba na sa hannu a kan abin da ban gani ba."

Injiniya ya fusata. Bayan azahar ya dawo da takardar mayar da Baba sito, wurin ƙirga safar hannu. Shekara ɗaya ta rage wa Baba, kuma burinsa ya yi ritaya a kan tankunansa. Duk da haka bai ɗaga murya ba.

"Na ji, yallaɓai. Alfarma ɗaya: mu hau tare, ka zura tef ɗin da hannunka."

Injiniya ya cusa takardar a aljihu, suka hau, yana haki Baba na jiransa. Ya zura, ya jawo. Kai jama'a! Bakin tef ya yi ja wur, ya fi kamu ɗaya. Ashe dauɗa ce ta toshe na'urar da ke ba kwamfuta labari.

Ɗanyen mai na ɗiga daga yatsun injiniya. Baba bai ce masa "ka gani?" ba, tsumma ma ya shiga nema masa.

"Bar shi, Baba, ina da abin gogewa."

Ya zaro takardar nan daga aljihu, ya goge hannunsa tas, ya dunƙule ta.

"Yaushe za mu buɗe?"

Baba ya yi murmushi, amma injiniya ya riga shi: "Na sani. Sai ya kwanta."

Darasi: Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka tabbatar ba, ko da matsayinka zai girgiza. Kuma idan gaskiyarka ta fito, kada ka kunyata wanda ya yi kuskure. Ku tura wa duk mai gaggawar da kuka sani.