Kuroiwa Da Mai Kallon Ƙafafu

Akwai wani saurayi ɗan garin Sendai mai suna Kuroiwa, gwanin jifa a wasan besbol, wasan da wani ke jefa ƙwallo, abokin hamayya ya yi ƙoƙarin buge ta da sanda. Hannunsa na hagu kamar majajjawa yake.

Da wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi, ya zaci shi zai riƙa buɗe wasa. Sai koci ya tura shi rumfar 'yan jira, waɗanda ba a kira sai mai jifan farko ya gaji ko wasa ya rikice.

Ran Kuroiwa ya ɓaci. Kullum sai ya kife hula a fuska ya yi ta gyangyaɗi a benci.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat. Cikin 'yan jiran akwai Nakazato, ɗan shekara talatin da takwas, wanda jifansa ya riga ya yi sanyi. Ana fara wasa sai ya tsuguna a bakin raga da koren shayinsa, ya ƙura wa ƙasa ido. Kuma duk ran da aka kira shi, da wuya a buge masa ƙwallo.

Wata rana Kuroiwa ya kasa haƙuri. "Babban yaya, wai me ya faɗi a ƙasa kake nema shekara da shekaru?"

"Au, sarkin barci ya farka? Zo ka dubi ƙafar wancan mai bugun."

"Ƙafa ce dai."

"Sake dubawa. Idan yana jiran jifa mai gudu, sai ya binne dunduniyarsa. Baki yana ƙarya, ƙanena, ƙafa ba ta iya ba."

Kuroiwa ya duba, ya ga haka ne kuwa. Tun daga ranar ya bar benci, yana tambaya, Nakazato yana amsawa ba ɓoye-ɓoye.

A wasan da zai raba gardamar zuwa zagayen gaba, suna gaba da maki ɗaya kacal, abokan hamayya uku suka cika kusurwoyin fili, suna jiran a buge ƙwallo su ruga su ci maki. Bugu ɗaya mai kyau zai rushe komai. Koci ya ce a kira Kuroiwa.

Ya hau tudun jifa. Ya saci kallon ƙafar mai bugu, ya ga dunduniya a binne. Sai ya sako jifa mai sanyi har sau uku, mutumin ya yi ta dukan iska.

Ƙarshen shekara ƙungiya ta sallami Nakazato, tunda ta sami magajinsa. Kuroiwa ya same shi yana haɗa kaya, ya rusuna har ya kasa ɗagowa.

"Babban yaya, gurbinka na ci."

Nakazato ya yi dariya. "Na san haka tun ranar da na kira ka. Hannu ya tsufa, wa zan bar wa idon in ba kai ba?"

Daga nan Kuroiwa ya miƙe. Ya wuce ofishin shugabanni, ya faɗa musu wanda ya koya masa duk abin da suke yabo. Da bazara ta zo, Nakazato ya dawo filin a matsayin kocin masu jifa.

Darasi: Kada girman kai ya hana ka tambayar wanda ya riga ka, kuma kada tsoron a wuce ka ya sa ka ɓoye abin da ka sani. Ku tura wa wani, wataƙila yau yake bukatar jin wannan.