Kwantaccen Cikin Inna Barira

Ku ajiye tsintar shinkafar nan ku saurara, yau sai kun yi mini alƙalanci.

Inna Barira mai dakan fura ta haura hamsin sa'ad da cikinta ya fara tasowa. Matan unguwa, da ba sa rasa abin faɗa, suka ce kwantaccen ciki ne, wanda marigayi mijinta ya bari ne ya motsa. Ita ma ta yarda, don ta daɗe tana marmarin ɗa namiji. Tana ramewa, loma biyu ta ƙoshi, amma tana ta tanadin tsummoki. Ni kaina na je na yi mata barka, Allah Ya yafe mini.

Tasalla ce 'yar farinta, wadda Inna ko sunanta ba ta kira saboda kunya. Zancen ciki tsakaninsu kuwa, ai abin a toshe kunne ne. Duk da haka Tasalla ta runtse ido ta shiga ɗaki ta ce, "Inna, ki gafarce ni, wannan ba ciki ba ne. Ciwo ne." Inna ta yi kwana tara ba ta amsa gaisuwarta, mutane suka ce Tasalla ba ta da ta ido. Kullum sai ta dawo, har ta ja uwar zuwa asibiti. Aka ce ciwon daji ne a ma'ajiyar ƙwan haihuwa.

Ta biyu, Uwani, shara take yi a babban asibitin birni, kuma kunnenta ba ya barci. Da ta ji wani ƙaramin asibiti ya sa ranar Alhamis don yi wa Inna tiyata, sai ta taho ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta ce, "Likita, da wane hoto za ka shiga? Ka san inda ciwon ya kai?" Kawunnansu suka yi mata ca, wai mai tsintsiya za ta koya wa likita aiki. Ta sha zagi, ta tsaya kai da fata sai an fara ɗaukar hoton da ke nuna ko ciwon ya bazu.

Ranar hoton, Inna ta ga na'urar, rami dogo da gadon da ke zura mutum ciki, sai ta dafe bango. Ta ce, "Wallahi ba zan shiga kabari da raina ba." Ma'aikata suka yi lallashi har suka gaji. Habi, autarta, wadda ko ɗakin ajiya ba ta iya shiga don tsoron ƙunci, ta cire 'yan kunne da awarwaro, aka duba ta aka bar ta ta tsaya. Ta kama babban yatsan ƙafar Inna, na'ura tana ruri kamar injin niƙa, ba ta saki ba har aka gama.

Hoton ya nuna ciwon ya riga ya yaɗu zuwa kitsen ciki, ya lafe a jikin hanji. Likitoci suka ce da an buɗe ta a wancan ƙaramin asibiti, da sai dai a mayar a ɗinke. Aka fara da magani har ciwon ya ragu, sannan aka yi aikin. Inna ta tashi, ba gashi a kanta, amma da ranta.

Yanzu za a sallame ta, kuma likita ya ce kada ta zauna ita kaɗai. Kowacce cikin 'ya'yan nan uku ta share ɗaki ta shimfiɗa gado. Inna ta dube su, sai hawaye, don ta san duk wadda ta bi, biyu za su koma gida su naɗe shimfiɗa.

To, ku faɗa mini, gidan wacce ya kamata Inna Barira ta sauka?