Tumakin Marayu da Ganyen Bagaruwa

Akwai wani direban babbar mota da ciwon baya ya sauke shi daga sitiyari, ya dawo gida a shekarar da wansa ya rasu. Marigayin ya bar mace da 'ya'ya huɗu, da tumaki goma sha tara da awaki bakwai a garken bayan gida. Da dabbobin nan ake ciyar da marayun.

Rani ya yi tsanani, harawa ta ƙare. Matar marigayin takan saro ganyen bagaruwa, ta shanya shi a inuwa kwana biyu, ta yayyafa masa ruwan toka, ta cuɗa da dusa. Awaki ta zuba musu da yawa, tumaki kuwa ɗan kaɗan.

Wata safiya Direba ya tsaya a bakin garke, hannu a ƙugu.

Ya ce, "Yaya, wannan kiwo ne ko rabon magani? Ga itatuwa kore shar har bakin rafi, ke kina ba dabba abinci da cokali."

Ta ce, "Direba, tunkiya ba tankin mota ba ce da za ka cika ka ja. Ganyen nan ɓauri gare shi. Akuya na iya masa, tunkiya ba ta iyawa."

"A wace makaranta aka koya miki?"

"A garken nan. Shekara ashirin, ni da marigayi wanka."

Ya yi tsaki, ya ce dukiyar marayu ba ta zama a hannun mace. Ya karɓe gatari, ya hana sayen dusa. Kullum sai ya jibgo rassan bagaruwa ɗanyu, har da 'ya'yanta, ya cika kwami.

Da farko tumakin suka shinshina suka kau da kai. Yunwa ta sa suka ci. Cikinsu ya yi tulu-tulu, Direba har maƙwabta yake kira su zo su gani.

Sati uku, haƙarƙari ya fara fitowa. Gashinsu ya tashi, hantsarsu ta tsotse. 'Yan tumaki su kama nono su saki, su yi ta kuka. Awakin kuwa suna nan garau, abin da ya ƙara masa taurin kai ke nan.

Matar wansa ta sake yi masa magana har sau biyu. Ya ce tsutsar ciki ce, ya ɗura musu magani, ya ƙara ganye.

Tumakin suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta biyar ta faɗi aka yi sauri aka yanka ta. Tumbinta cike maƙil da ganye, amma ko ɗigon kitse babu, naman kamar tsumma. Wani tsohon majemi da ya zo ɗaukar fatar ya leƙa kwami, ya ɗago kai.

Ya ce, "Ɗana, ka san da me nake jeme fata?"

Majemin ya ɗauko reshen bagaruwa daga kwamin, ya nuna masa.

"Da wannan. Ɓaurinta ke kama fata ya ɗaure ta, ta daina ruɓewa. Haka yake yi a cikin tunkiya. Abin da zai zama nama da nono ya ɗaure shi, ciki ya kasa narkar da shi, ya fice a kashi. Akuya ta saba da itace, yawunta na karya ɓaurin. Naka tumakin da cikakken ciki yunwa ke kashe su."

A ranar Direba ya sayo dusa buhu biyu. Amma waɗanda suka riga suka kwanta ba su tashi ba. Masu ciki suka yi ɓari. Kafin ruwan farko ya sauka, tumaki huɗu suka rage.

Ya sami matar wansa tana share garken da ya yi musu faɗi. Ya durƙusa da ciwon bayansa.

"Yaya, ki yafe mini."

Ba ta daina shara ba.

Ta ce, "Ko ɗaya a ciki ba tawa ba ce. Ga masu su can a tsakar gida, babbansu shekararsa tara. Ka jira su girma, ka gaya musu da bakinka."

Darasi: Cikar ciki ba ita ce ƙoshi ba. Ganyen itace mai ɓauri a shanya shi, a gauraya, a ba tunkiya kaɗan. Kuma in ka tarar da mutum a kan aikin da ya tsufa a ciki, tambaye shi kafin ka karɓe masa gatari, ko da mace ce ba ta taɓa shiga aji ba. Ku tura wa duk mai kiwo da kuka sani, tun bai kai ga fiɗa ba.