Lambar Kofur Nomau

Ku gyara zama, ga wata na kawo muku, amma ba a jin ta a tashi sai an yanke hukunci.

Zamanin da ake ɗibar soja zuwa yaƙin Bama, dagacin wani ƙauye da ake kira Tsamiyar Dogo ya ce kowane gida ya ba da namiji guda. A gidan su Jatau da ƙanensa Nomau, sunan Jatau aka rubuta. To, matar Jatau na da tsohon ciki, shi kuma tun da ya ji labarin jirgin ruwan da zai kai su tsoro ya kama shi. Ranar da motar soja ta iso aka nemi Jatau aka rasa, ashe ya faɗa rumbu ya ja murfi. Da aka kira sunansa a ƙofar dagaci, Nomau ya ce, "Ga ni." Dagaci ya kau da kai, don shi kai guda aka ce ya kawo. Mutanen gari kuwa, da ba su ji kiran ba, suka ɗauka dama Nomau aka zaɓa.

Haka Nomau ya yi yaƙi da sunan wansa har ya kai kofur. Ya dawo da tabon harsashi a kafaɗa, ya auri wata yarinya Tasalla, ya koma gonarsa. Jatau kuma ya shiga farauta, ƙila don ya huce haushin kansa, ya yi suna har aka naɗa shi Sarkin Baka, ana yi masa kirari a dandali.

Da aka fara biyan tsofaffin sojoji fansho, Nomau ya sha zuwa birni. A ce masa, "Sunanka?" Ya ce Nomau. A ce takardar sallama Jatau ta ce, yaya aka yi? Sai ya ɗauki sandarsa ya koma gida. Gara masa ya rasa haƙƙinsa da ya ce wansa ya ɓuya a rumbu. Ni dai ban taɓa ganin taurin kai mai ban tausayi irin wannan ba.

Ana nan tsufa ya kama shi, ya fara rikicewa. Ya daina gane mutane, ya daina amsa kira, sai ya wuni a zaure yana kallon ƙofa. Gona ta gagara, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Tasalla ce ke ci da su da ɗan ƙuli-ƙulinta, ita ma ƙarfin ya soma ƙarewa. Sai aka yi shela cewa wani manjo zai zauna a ƙofar hakimi ya tantance tsofaffin sojoji, kuma daga wannan an rufe. Wanda ya wuce ya sami fansho da lambar yabo, wanda bai wuce ba sai haƙuri. Aka ɗora Nomau a amalanke aka kai shi.

Manjon yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaida tsohon. Amma ya ce doka abu uku take so: a san yadda Jatau ya zama Nomau, a sami wanda ya gan shi a fagen fama, shi kuma ya amsa sunansa na gaskiya da bakinsa kafin ya dangwala yatsa.

Na farko da ya tashi Jatau ne. Ba wanda ya kira shi, kuma duk waɗanda suka san zancen rumbu sun riga mu gidan gaskiya, da ya yi shiru da shi ke nan. Ya zo da rawaninsa na sarauta, mafarautansa na biye da shi, makaɗinsa ma na wurin. Ya tsaya gaban hakimi da jama'a ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne Jataun da aka rubuta. Tsoro na ji, na shige rumbu, yaron nan ya tafi a madadina. Duk kirarin da kuka ji ana yi mini, nasa ne." Makaɗin ya rasa inda zai sa ganga, sai ya ɓoye ta a bayansa. Tsoho mai furfura ya zubar da girman da ya yi shekara da shekaru yana tarawa, manjo kuwa ya rubuta.

Na biyu Saje Korau ne, wanda Nomau ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Ƙafarsa guda ta zauna a Bama. Saƙon Tasalla ya same shi a garinsu mai nisa, ya hau bayan motar hatsi, ya iso jikinsa duk ya yi tsami. Korau yana da alwashi: tun ranar da ya ba wasu samari umarni su ƙetare wani kogi ba su dawo ba, ya ce ba zai sake ɗaga murya irin ta soja ba. Ko akuya ta shiga masa gona lallashinta yake yi. Ya shaida wa manjo cewa ya san Nomau, ya faɗi inda tabon yake tun ba a buɗe riga ba. Manjo ya ce, "Na yarda da kai, Baba, amma da zai faɗi lambarsa ta soja da hankalina ya fi kwanciya." Korau ya dubi abokinsa a zaune kamar buhun da aka jingine. Ya dogara sandarsa, ya daka tsawar fareti wadda sai da tantabarun hakimi suka tashi. Nomau ya miƙe tsaye cak, ya ƙame, ya sara, ya karanto lambarsa ba gargada. Korau ya zauna yana kuka, don muryar ta dawo masa da fuskokin samarin nan.

Sai dai an gyara nan, can ya ɓalle. Sojan ya farka, amma da sunan aro ya farka. Manjo ya ce, "Baba Nomau?" Tsoho ya ce, "Jatau, ranka ya daɗe." Aka yi juyin duniya, wansa ya kira shi, hakimi ya kira shi, ya tsaya kan Jatau. Manjo ya ce ba zai sa mutum ya dangwala a kan sunan da yake musu ba, ga kuma mai sunan a zaune. Ya fara tattara takardunsa.

Ta uku ita ce Tasalla. Ku yaran yanzu da kuke kiran mazanku kamar kuna kiran mai shayi, ba za ku gane nauyin abin ba. Tun da aka kai ta gidan Nomau sunansa bai taɓa fita bakinta ba. Malam take cewa, a bayan idonsa kuma ta ce "shi". Akwai ɗan maƙwabta da aka sa wa Nomau, har ya yi gemu Mai-suna take kiransa. Wannan kunya ita ce adonta, da ita ake misali a garin. Ta taso daga cikin mata, ta ratsa maza, ta durƙusa gabansa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, "Nomau."

Kafaɗunsa suka sauko. Ya sunkuyo ya dube ta, irin duban da ya daɗe bai yi wa kowa ba. Ya ce, "Na'am." Can kuma ya ce, "Tasalla, yau kuma sunana kika faɗa? Gaban mutane?" Aka fashe da dariya, masu dariyar na share hawaye. Manjo ya yi maza ya ce, "Baba, kai ne Nomau?" Ya ce, "To da wane ne? Ba ka ji ta faɗa ba?" Ya dangwala.

Fansho ya tabbata. Saura lambar yabo, wadda manjo ya ce ba shi zai maƙala ba, na jikin tsohon ne ya kamata, kuma mutum ɗaya. Jatau ya ce a ba Saje, shi da ya san abin da aka sha kafin a same ta. Korau ya ce a ba Tasalla. Tasalla ta ce ina ita ina shiga gaban yaya, ta koma bayan mata ta ɓuya. Nomau kuwa ya riga ya koma duniyarsa, yana tsaye da ƙirji a buɗe yana murmushi, yana jira.

Da Jatau bai tona kansa ba, da ba a kai ga tambayar lamba ba. Da Korau bai karya alwashinsa ba, da tsohon na nan zaune bai san ana yi ba. Da Tasalla ta riƙe kunyarta, da sojan da aka tasa ya tafi kabari da sunan wani. Kada ku ce mini duka ukun, allurar lambar guda ce, kuma tsoho ya gaji da tsayuwa.

To, a cikin wan da ya ba da girmansa, da abokin da ya ba da alwashinsa, da matar da ta ba da kunyarta, wa za a miƙa wa lambar nan ya maƙala wa Nomau?