Na-Sama da Takardar Dakatarwa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum da Allah ya ɗaukaka har ya zama shugaban wata jami'a. Magatakardan jami'ar kuwa amininsa ne tun suna ɗalibai. Ɗaki ɗaya suka kwana, a gadon ƙarfe mai hawa biyu, shi a sama, abokin a ƙasa. Daga nan suka sami sunan tsokana, Na-Sama da Na-Ƙasa. Har furfura ta fito musu, in an watse daga taro aka rufe ƙofa, da sunan nan suke kiran juna. Magatakarda yakan ce, "Shekara huɗu ina shan munsharinka, yanzu kuma ina shan umarninka."

Wata rana shugaba ya so a ba wani ɗan uwansa muƙamin da bai cancanta ba. Takardar tana buƙatar sa hannun magatakarda. Ya karanta, ya mayar da murfin alƙalaminsa, ya ce, "Na-Sama, ka yi haƙuri. Wannan ba zan iya ba."

Abin ya yi wa shugaba zafi. Kafin wata ya ƙare an ƙulla wa magatakarda sharrin ɓatar da takardu, aka kore shi, aka fitar da iyalinsa daga gidan ma'aikata.

Bawan Allah ya kai ƙara. Ba kujerar ce ta dame shi ba. So yake ya koma ofishinsa ko da na yini ɗaya ne, ya fita ta ƙofar gaba da sunansa a wanke, kada jikokinsa su tashi su ji an ce kakansu korarre ne. Kotu ta duba ta ce an zalunce shi, a mayar da shi.

A ranar, shugaba ya daɗe a tsaye bakin taga. Zuciyarsa ta ce masa ya ɗauki waya ya kira abokinsa a gama. Sai lauyansa ya shigo ya ce ai akwai hanya. A ɗaukaka ƙara, a kuma roƙi kotu ta dakatar da aiwatar da hukuncin har sai an saurari ƙarar.

Ku fahimce ni, wannan ƙofa ba haram ba ce. An buɗe ta ne domin wanda yake tsoron alƙali ya yi kuskure. Amma shugaba ya san babu kuskure. Kuma ya san wani abu da lauyan ma bai sani ba, wato ranar haihuwar abokinsa. Saura wata takwas ya kai shekarun ritaya, kuma daga ranar babu sauran kujerar da za a mayar da shi. Abin da ya sani saboda aminci, da shi ya yi masa tarko.

Aka ba da dakatarwar. Shugaba ya riƙa lallashin kansa yana cewa, "Ai ban ƙi ba, dakatawa kawai aka yi." In kewar abokin ta taso masa, sai ya ce bari a gama shari'a tukuna. Matarsa ta ce, "Ko gaisuwa ba za ka je ba?" Ya ce a dakata.

Ina tambayarku, kotu ta dakatar da hukunci, amma wa ya dakatar da kwanaki? Wata takwas suka wuce, ba a ko sa ranar sauraro ba.

Bayan shekara biyu hukumar jami'a ta sauke shugaban, saura wata shida wa'adinsa ya cika. Shi ma ya garzaya kotu, aka ce ba a bi ƙa'ida ba, a mayar da shi. Yana shirin komawa sai ga takarda, jami'a ta ɗaukaka ƙara, ta nemi a dakatar. Ya karanta layin farko, ya gane ta. Tasa ce. Daga fayil ɗin ofishinsa aka zaro ta, suna kawai aka sauya.

Ya zauna a gida yana ƙirga watanni, wayarsa ta yi shiru, masu rusuna masa suka ɓace. A nan ne ya ɗanɗana abin da ya shayar da wani. Ya nemi gidan da abokinsa ya koma, a can bayan gari.

Matar abokin ce ta buɗe masa. Ba ta faɗa masa baƙar magana ba. Ta ce, "Shigo, Yaya. Amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya gane mutane sosai."

Ya same shi a kujera cikin riga mai guga, da alƙalami a aljihu. Matar ta ce kullum da safe sai an shirya shi haka, in ba haka ba ya ƙi cin abinci.

Shugaba ya durƙusa ya kama hannunsa. Ya ce, "Ni ne, Na-Sama. Na zo ka yafe mini."

Tsohon ya dube shi da fara'a. "Daga kotu kake? An sa rana?"

"Na-Ƙasa, dube ni. Ni ne."

"Ka san Na-Sama ashe? Abokina ne. Ba zai bari in daɗe a nan ba. In ka gan shi, ka ce masa ina jira."

Mutumin nan ya kifa kansa a gwiwar abokinsa ya yi kuka kamar yaro. Tsohon yana shafa kansa yana cewa, "Yi haƙuri, bawan Allah, kai ma taka za ta fito."

Ya 'yan uwa, kujerar da ya rasa ba ita ce asararsa ba. Haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, ga mai haƙƙin a gabansa da rai, amma yafiyar ta yi masa nisa. Wa ke jiranka yau? Wa ka ce wa a dakata, alhali ka san gaskiyarsa? Tashi ka je tun yana iya gane fuskarka.

Allah ya kiyaye mu da jinkirta haƙƙin bayinsa, ya ba mu ikon neman gafara tun masu yafe mana suna jinmu. Amin.