Balbela Ta Bar Kiwo

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso mu ji ta.

Balbela ta shekara bakwai tana cire wa Saniya kaska. Ran nan ta ce, "Inna, aikin nan ya ishe ni. Kamun kifi zan koma."

Saniya ta ce, "Allah ya ba da sa'a."

A rafi Zalɓe ya ce mata, "Shiga ruwa ki tsaya, kada ki motsa."

Ta ce, "Har yaushe?"

Ya ce, "Sai kifi ya ga dama."

Kwana uku ba ta kama komai ba. Ta komo garke da yunwa, ta tarar da Carki a bisa tozon Saniya.

Saniya ta ce, "Na ba shi aikin. Ki biyo ni a ƙasa, ki ci farar da na tayar."

Har yau a ƙasa take bi.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan kusu.