Zaɓen da Aka Sa Ranar Shuka

Akwai wani mutum a wata mazaɓa ta ƙasar Gwiwa, ana ce masa Alhaji Maikasuwa. Shi ne ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓar, kuma yana da gandu babba a bayan gari. A shekarar nan abu ɗaya ya sa a gaba: ɗansa Musaddiƙ ya zama kansila.

Sai dai mutanen gari ba Musaddiƙ suke so ba. Ba wai mugu ba ne. A Kazaure yake zaune, sai jefi-jefi yake leƙowa, gilashin mota a rufe. Wanda suke so shi ne Daudu, manomi irinsu, wanda in shanu suka shiga gonar wani shi ake kira ya sasanta, kowa ya tashi ba a kai ga hukuma ba.

Jam'iyya ta ce zaɓen fidda gwani ƙato bayan ƙato za a yi, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, a ƙirga a idon jama'a. Maikasuwa ya san in aka yi haka, layin Daudu sai ya zagaye makarantar firamare ya dawo.

Sai aka shiga sa rana ana ɗagawa.

Ranar farko mutane suka cika filin makaranta tun hantsi, har da mutanen rugage. Rana ta dake su. Dab da azahar Maikasuwa ya iso yana goge gumi, ya ce motar wakilin jam'iyya mai ƙirga ta lalace a hanya.

Aka sake sa rana. Aka ce wakilin ya tafi gaisuwar mutuwa. Aka sake sa wata, aka sake taruwa, shiru.

Akwai wata tsohuwa mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, Inna Shatu, wadda in ta tashi matan unguwa ke tashi. Ta tare Maikasuwa a bakin mota.

"Alhaji, yau kuma me ya lalace? Motar ce ko direban?"

"Inna, siyasa sai da haƙuri."

"Kullum mu ake auna wa haƙurin nan, har da gyara. Na bar tunkuza a kwano na zo. In kun riga kun sayar da kujerar, ku faɗa mana, mu daina taya abin da ba ya kasuwa."

Ya yi dariya ya ja ƙofar motarsa.

Gari ya ƙi zama lafiya. A majalisa, a bakin rijiya, a wurin mai shayi, magana ɗaya ce. Wasu na cewa an riga an rubuta suna a sama. Wasu samari suka ce katinsu za su ƙona. Daudu na bin su yana lallashi, shi ma ba barci yake samu ba.

Abin da ba wanda ya kula da shi shi ne, Maikasuwa ya koma yawan kallon gabas. Damina ta kawo kai, kowa ya share gona, iri na cikin ƙwarya, ruwa kawai ake jira.

Wata asuba aka tafka ruwa, irin wanda ke ratsa ƙasa har tsawon hannu. Gari na wayewa kowa ya saɓa sungumi. Maza, mata, tsofaffi, duk suka bazu a gonaki. Wanda ya san yashin ƙasar nan ya san ba ya riƙe laima. In ba ka binne iri yau ko gobe ba, ka koma jira.

Hantsi bai yi ba sai ga babur da lasifika yana zaga gari: yau ne zaɓen fidda gwani, yanzu-yanzu, a filin makaranta. Wakilin nan da motarsa ba ta taɓa isowa ba, yana zaune a kan benci har ya sha shayi.

Daudu ya hau babur ya nufi gonaki a guje. Ya tsaya nan, ya dubi masu shuka. Ya ƙara gaba. Ko'ina mutane ne a duƙe, wani na sara, wani na jefa iri yana rufewa da diddige.

A gonar Inna Shatu ya kashe babur. Ta miƙe tana riƙe da ƙugu.

"Na ji lasifikar. Faɗi abin da ya kawo ka, Daudu. In ka ce mu ajiye ƙwarya mu bi ka, wallahi ba macen da za ta rage a gona."

Ya dubi ƙasar, ya dubi rana ta fara zafi. Daga nan zuwa makaranta tafiya ce, ga jiran layi, ga gardamar ƙirga. Yinin ya tafi ke nan.

"Inna, ku yi shukarku. Kujerar nan ba za ta cika wa kowa rumbu ba."

"Ka san abin da ka bari kuwa?"

"Na sani, Inna."

Ya koma ya tsaya a fili, bayansa daga ƙanensa sai wani tsoho da ƙafa ta hana zuwa gona.

Shi kuma Maikasuwa yana son layi mai tsawo, wanda za a ɗauka a hoto a kai sama. Sai ya aika a kwaso masa duk 'yan ƙwadagon da ke gandunsa, da dangi, da barori. Kawu Sama'ilu, ƙanen mahaifiyarsa mai kula da gandun, ya biyo su rai a ɓace.

"Kai yanzu mutanen da na sa shuka za ka ɗebe? Ko kwata ba mu yi ba."

"Kawu, ruwa ai ba yau ya ƙare ba. Gobe ma a shuka."

Aka ƙirga, Musaddiƙ ya ci. Aka zuba mutanen a mota aka raka sakamako sakatariya da kiɗa. Washegari kuma walima, aka yanka sa. Ranar da suka koma gandu, yashi ya yi fari, sungumi na sara ƙura na tashi.

Ruwa ya ɗauke. Aka yi ta duban gabas, hadari ya taso ya watse. Geron mutane ya fito ya jure da laimar da ya samu. Sai da ya kai gwiwa sannan Maikasuwa ya samu ya shuka nasa. Damina kuma ta tafi da wuri, ta bar masa kara tsaye, zangarniya ba ido.

Babban zaɓe ya faɗo lokacin girbi. Ɗaya jam'iyyar ta tsayar da wani tela, Ɗan'azumi, don dai kada gurbin ya zauna ba kowa. Maikasuwa ya kira taro, benci ya fi mutane yawa. Ya sake kira, haka. Ya shiga bin gida-gida, kowa ya gaishe shi da ladabi, ya ce aiki ya yi yawa.

Ya je wa Inna Shatu tana ɗaure dami.

"Inna, matan nan ke suke ji. A fito ranar Asabar."

"Alhaji, kai ka nuna mana ana iya zaɓe ba mu. Yaya aka yi yau muka yi tsada?"

Daga ƙarshe ya haɗiye girmansa ya je gonar Daudu. Ya same shi da lauje a hannu. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce ya taimaka ya yi wa mutanensa magana.

Daudu ya ce, "Alhaji, ni zan je in jefa, don ban bar jam'iyya ba. Amma ranar shuka ban fitar da su daga gona don kaina ba. Ba zan fitar da su ranar girbi don ɗanka ba."

Ranar zaɓe Maikasuwa ya yini a tsaye a bakin rumfa yana duban hanya. Amalanke na wucewa da dammuna, masu su na ɗaga masa hannu. 'Yan kaɗan da suka tsaya, tela suka zaɓa. Ɗan'azumi yana kan keken ɗinki aka zo aka ce masa ya ci, ya ce a daina yi masa wasa yana da kayan mutane.

Musaddiƙ ko sallama bai yi ba ya koma Kazaure. A shekarar nan, ciyaman mai gandu a kasuwar Gwiwa ya auni geron tuwonsa, a hannun mutanen da ya yi wa dabara.

Darasi: Wanda ya zagaye jama'a a zaɓen cikin gida, jama'a za su zagaye shi a babban zaɓe. Tikiti ana iya samun sa da wayo, amma yardar mutane ba a sayen ta bayan an zubar. Shugabannin jam'iyya, ku sa rana a fili, ku bar kowa ya tsaya inda ransa ke so. Ku tura wa 'yan mazaɓarku, musamman masu sa rana suna ɗagawa.